Mutanen Goggo Lami Duk Sun Ba Da Baya

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar Goggo Lami, ƙanwar mahaifina. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma a wurinta na koyi kallon zane. Ta faɗo mini a rai ne kwanakin baya, da ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida nan Ikara. 'Yata ta miƙo mini wayarta, ta ce in ɗebe kewa da ayyukan mutanen da babu wanda ya koya musu zane. Ga wani tsoho ya lulluɓe gidansa da murafan kwalba, ga wata tana ɗinka mafarkanta a jikin buhu. Ina kwance ina kallo, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ya cika mini hanci, kamar ina ɗakin Baba a Gubuchi.

Zamanin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu, ana bin layi kafin a samu sabulu. Masaƙar da Baba ke aiki a Kaduna ta sallame su, ya dawo ƙauye da akwati da rediyo. Bai shekara ba ɓarin jikinsa ya shanye. Daga nan ya juya fuskarsa bango, ya ƙi kowa. In an kawo kunu ya kurɓi kaɗan ya ture. 'Yan dubiya su yi ta jera sannu, ƙeyarsa kawai suke gani. Ni lokacin ina koyarwa a firamare, duk ƙarshen mako na zo sai in tarar ya ƙara ramewa, in zaga bayan rumbu in sha kukana. Tsorona ɗaya ne, kada ya tafi bai sake kallonmu ba.

Goggo na zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, sana'arta daddawa. Wata safiya ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana duban bayan yayanta, sannan ta ce da mahaifiyata, "Tunda bango ya zaɓa, to bangon za mu gyara masa."

Ta sa aka ɗan janye gadon. Ta jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa a sakaina, ta daka gawayi, ta gutsuri bular wanki, ta zuba ƙaro don kada su kakkaɓe. Asuwakin da ta tattauna bakinsa shi ne alƙalaminta. Ta fara da fadamar rake, da dokin da ke juya injin mazarƙwaila. Baba na kwance yana kallo, bai rufe ido ba. Sai ta kawo jirgin ƙasa, abin da ba ta taɓa gani ba sai a bakinsa. Ta yi masa tayoyin akori-kura, ta sa kaza a kowace taga, ta ƙara masa doguwar jela mai lanƙwasa. Ina wurin ranar, na ji muryar da na yi watanni ban ji ba.

"Lami, jirgi ba shi da wutsiya."

"Nawa yana da ita, Yaya," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Dariyar da ya yi a karkace ta fito, amma dariya ce. Ranar ya shanye kununsa.

Mutanen da Goggo ke zanawa duk sun ba da baya. Mata da tallar nono, maza da fartanya a kafaɗa, kowa ya nufi wani wuri can cikin bangon. In an tambaye ta dalili takan ce fuska aikin Allah ne, ita ba ta shiga abin da ya fi ƙarfinta. Wannan ya zame wa Baba abin yi. Da hantsi, in aka ɗage labule haske ya kwanta a bangon, sai ya zaɓi mutum ɗaya ya wuni da shi. Ya ce wancan mai karkataccen wuya mahaucin kasuwar Makarfi ne, waccan mai faifai a ka tsohuwarsu ce za ta rafi. Maƙwabciyarmu Saratu in ta taso daga coci takan biyo, ta rantse ba mahauci ba ne, surukinta ne na Kudan. A yi ta musu har azahar. Goggo dai ba ta taɓa raba gardamar ba, don ta lura in ana musu ya fi cin tuwo.

Nakan tambayi kaina, da ta ga zamanin nan me za ta ce? Zanen duniya kaf ya zo mana har kan gado, mu kuma muna share shi da ɗan yatsa kamar masu korar ƙuda. Na san za ta yi mana tsiya, ta ce ko kare ne ya biyo mu. Saboda ita na sauya hali. Yanzu hoto ɗaya nake buɗewa, in jingina wayar a filo, in bar shi ya zauna da ni. In maƙwabciya ta shigo in nuna mata mu yi gardama a kai. Ba na tambayar me mai zanen ke nufi. Nakan yi tunanin wa ya yi wa, wa ke kwance a gidansa. Wani lokaci barci ya ɗauke ni, in ga mai murafan kwalbar nan a fadamar Gubuchi yana shan rake.

Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya ɗauke Goggo, a farkon damina. A daminar nan soron ɗakin Baba ya fara yoyo, bangon ya tsage daga sama har ƙasa. Kwanon rufi ya fi ƙarfin talaka a lokacin. Magini ya duba ya ce ko dai a cike tsagar a yi wa bangon sabon yaɓe gaba ɗaya, ko ya faɗo wa mai ɗakin. Muka yi ta tura wa juna, an rasa mai gaya masa, don kowa na ganin ranar da zanen ya tafi Baba zai koma gidan jiya. A ƙarshe mahaifiyata ta durƙusa ta faɗa masa. Ya daɗe yana bin mutanen nan da ido, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai rakiya.

"Ku yaɓe," ya ce. "Amma ku fitar da ni tukuna. Ba zan kwanta ina kallon laka ba."

Aka ɗauke shi a tabarma zuwa ƙofar gida, gindin darbejiya, ya ce a juya shi ya fuskanci hanya. Can ya zama wurin zamansa. Masu zuwa gona su tsaya su gaishe shi, ya amsa, ya tsokane su.

Babu hoton bangon ko ɗaya, wa ke da abin ɗauka a lokacin? 'Yata takan ce an yi asara, kuma an yi, har yau abin na sosa mini rai. Amma in na zauna na auna abin da Goggo ta bari, ba a jikin bango nake samunsa ba. Baba ya ƙara shekara bakwai a duniya. Ya ga aurena, ya riƙe 'yata a hannunsa mai lafiyar ya yi mata huɗuba. Allah ya jiƙan Goggo Lami, ya haskaka makwancinta. Ranar da Baba zai cika, mu yake kallo.