Hannun Baba da Ƙugiyar Abijan

Jiya a Madawa, wajen aikin gada, na ga wani ma'aikaci ya ɗaga yatsa sama yana juyawa, injin ƙugiya kuma ya ɗaga ƙarfe. Na tsaya cak. Hannun Babanmu na gani.

Shekarun alif ɗari tara da saba'in ya yi su a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ƙarƙashin wata ƙatuwar ƙugiya, shi ke yi wa direbanta alama. Da ya komo garinmu Karofane, ko damen hatsi za mu ɗora a rumbu, da yatsa yake ba da umarni.

Wata rana Inna ta gaji, ta ce, "Malam, bakinka ciwo shikai?"

Ya yi dariya. "Can ba a jin murya, Hajo. Hannu aka kallo. In ya yi kure, kaya su faɗo kan mutum."

Ranar da muke sa shi kabari, muka tallabe shi a bakin ramin. Sai yayana ya shimfiɗa tafinsa yana saukarwa ƙasa: a hankali. Duk muka gane.

An ce ƙugiyar na nan tsaye, ta yi tsatsa. Ƴan uwa na Abijan, wa zai ɗauko min hotonta?