Tayar ƙanƙara a hanyar Doso

Shekarar da na sayi mota, rabin Dogon Dutsi sai da ya ji labari, don ni da kaina na yi ta yawo da ita har inda ba ni da saƙo. Ja ce, mai ƙofa biyu, gajera kamar za ta lashi ƙasa, tsohuwa daga Turai ta hanyar Kwatano. Malamin makaranta mai ƴaƴa huɗu ba shi da abin yi da irin wannan mota, na sani. Amma na so ta, kuma har yau ban tuba ba.

Tayoyinta ne suka zo a suɗe. A wurinmu kowa ya san yadda ake zaɓen taya ta hannu: ka tura tsinken ashana cikin zanen, in ya nutse sosai ka yi dace, sannan ka danna da farce ka ji laushi. Haka na yi a kasuwa, na samu biyar har da ta ajiya, masu zane mai zurfi, ga laushi, ga wani ɗan tambari a gefe mai kama da fure cikin dutse. Na kai su wurin wani tsohon mai faci da ke kusa da cocin mishan, wanda ya san ni tun ina tura gare-gare.

Ya juya ɗaya, ya shafa tambarin da yatsa.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin makaranta a wurinmu, "wagga taya ba ta ƙasarmu ta ba. Don ƙanƙara anka yi ta. Can, in sanyi ya shigo, tayar zahi takan bushe kamar icce, mota ta yi ta sulɓi, shi ya sa sunka yi wagga mai taushi. Nan kau rana za ta dahwa ta."

"Kawu, roba ai roba ce," na ce ina dariya. "Ɗaura mini kawai."

Abin da ban faɗa ba shi ne, a raina na ce mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin ruwan sayarwa, me zai koya wa mai karanta Faransanci? Ya ɗaura, ya buga iska, ya ce in riƙa tafiya da sassafe.

Wata biyu bayan nan, tsakiyar bazara, babbar ɗiyata za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Doso, da azahar. Shekara guda ta yi tana karatu a ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu. Ta ce za ta bi motar haya tun jajibiri ta kwana wurin gwaggonta. Na hana. Ina da mota, ɗiyata ta shiga motar haya? So nake a ga na sauke ta a bakin ƙofa.

Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda na tsaya wanke motar. Kwalta ta riga ta ɗauki zafi, ni kuma na taka mai don in rama lokaci. Mun yi nisa, babu gari kusa, sai na ji ƙara kamar bindiga, motar ta fizge ni zuwa hagu. Allah ya kiyaye, yashi ya riƙe mu. Na ɗaura ta ajiya, ɗiyata na miƙo mini ƙusoshi. Ba mu yi tafiyar kirki ba ta biyu ta kware, robar ta saɓule ta bar waya a fili.

Muka tsaya a rana muna ɗaga wa motoci hannu, duk a cike. Da aka samu mai ɗaukar ta, rana ta karkata. Ta isa ta tarar an rufe ƙofa, an raba takardu.

Na jira ta yi kuka, ko ta faɗa mini magana, da na fi samun sauƙi. Da ta dawo washegari sai ta kawo mini ruwa, ta ce, "Papa, ba komi, baɗi na nan." Ta kwashe littattafanta ta koma ƙarƙashin dalbejiya. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ko a gaban sufeton makarantu.

Na sha tunanin tayoyin nan. Ba su da laifi, an yi su ne don wata ƙasa, kuma a can su ne masu ceton rai. Ashana ta gaya mini zurfin zane, ba ta gaya mini don wa aka yi shi ba. Mai faci ya gaya mini, na ga hannunsa duk baƙin mai na ƙi ji.

Da na koma wurinsa bai ce ai na faɗa maka ba. Ya tambayi yarinya kawai, ya zaɓo mini wasu masu tauri, zanensu ko rabin na farko bai kai ba.

Shekara ta zagayo, ranar jarrabawa ta matso. Na wanke mota tun kwana biyu kafin, na duba iska, na ce wa ɗiyata da asuba za mu tashi. Ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin mayafinta.

"Papa, na riga na kama wuri a motar haya. Gobe za ni."

Ni na ɗaukar mata jaka har tasha, a ƙasa.