Ranar da Dije ta Wanke Wasila

Dije jikar mahajjata ce. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, matarsa ta haihu a bakin kogin Shari, suka ce bari a gama jego. Daga nan ba su ƙara gaba ba. A birnin da ke bakin kogin, a unguwar Ambassatna, aka haifi Dije, a nan ta yi aure, a nan mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Uzairu. Turaren wuta take haɗawa ta sayar, amma ba da shi aka fi sanin ta ba. Idan mace ta rasu a unguwar, Bahaushiya ce ko Balarabiya ko Babarbariya, Dije ake kira ta yi mata wanka. Wajen gwaggonta ta koya.

A farkon shekarar 2008, wata Asabar da hantsi, motocin 'yan tawaye suka shigo gari. Samari suka fito bakin titi. Wani mai rawani a bayan mota yana ɗaga bindiga yana ihu da Larabci, wai shi ke nan, an 'yanta mutane. Uzairu, wanda ya gama makaranta ya rasa aiki, ya ɗaga hannu ya amsa masa. Dije ta fito ba ko mayafi ta kama rigarsa.

"Kai, wuce gida."

"Inna, ba ki ji ba? An ce mun huta."

"Na ji. Wuce dai."

Bayan azahar harbi ya tsananta. Suna kwance a ƙasa cikin ɗaki suka ji wata ƙara da ta zubo musu ƙasar rufi a ka. A gidan da ke jikin katangarsu abin ya sauka, gidan Abdussamad tela. Matarsa Wasila ta fita tsakar gida ne kawai ta sauke tukunya daga wuta.

Abdussamad ya shigo duk jikinsa ƙura, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna Dije," ya ce. Ya nuna gidansa da hannu.

Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi shi. Famfo ya ɗauke tun safe, ruwan randa kuma bai kai rabi ba. Dije ta sha wanke tsofaffi da masu jego, amma ba ta taɓa ganin jiki haka ba. Ta wanke inda zai wanku, ta rufe sauran. Tana yi tana kiran sunan yarinyar a hankali, don ita ce ta yi mata lalle ranar aurenta. Abdussamad ya yanko farin yadi daga kayan da aka kawo masa ɗinki, shi ne likkafani. Babu hanyar zuwa maƙabarta. Maza kaɗan suka yi salla a tsaitsaye, aka haƙa kabari a bayan ɗaki, gindin darbejiya.

Da 'yan tawayen suka ja da baya, rediyo ya ce sojojin gwamnati sun 'yanta birni daga hannun 'yan ta'adda. Su kuma can suna cewa da kansu suka fita don tausayin talakawa, za su dawo su ƙarasa aikin. Mutane ba su tsaya tantancewa ba. Aka ɗaure kaya a ka, aka nufi gada zuwa Kusiri ta Kamaru. Dije ba ta tafi ba, saboda ba a daina aiko mata ta zo wankan gawa ba. Har unguwar Sabangali ta je a ƙafa, ta bi ta gefen motoci ƙonannu.

A zaman makokin Wasila gardama ta tashi. Uzairu ya ce tankar gwamnati ce ta harbo. Yayan Abdussamad, Mubarak, ya rantse rokar 'yan tawaye ce. Muryoyi suka hau, har aka fara nuna yatsa, mai makokin yana zaune kansa a ƙasa. Mubarak ya leƙa wajen mata.

"Inna, ke kika fara shiga. Daga wane ɓangare ta zo?"

"Ni ban ga inda ta fito ba, ɗan nan. Inda ta sauka na gani."

Ba a jima ba wasu masu kaki suka zo unguwar da mota, suna neman waɗanda aka ce sun yi murna ranar Asabar. Da Uzairu aka tafi. Wanda ya ba da sunansa, har yau ba a sani ba. Wasu sun zargi Mubarak, Dije ta hana a faɗa a gabanta. Ta bi ofis-ofis, kowa ya ce ba ya wajensu. A lokacin, duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai ta fito da sauri ta ji ko labarinsa ne.

Damina ta kusa ƙarewa aka sako shi. Ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Da ya ɗan murmure ya ƙetare Kusiri, ya kama gyaran babur, ya yi aure a can.

Yanzu Dije ta tsufa, idonta ya yi rauni. Wata maƙwabciya, Bahijja, ita ke zuba ruwa tana cuɗawa, Dije na zaune tana faɗa mata yadda za ta juya mamaciya. Duk wata takan hau mota ta je ganin jikokinta. Ta sha roƙon Uzairu ya zo ko da sallar layya ce, ya ci nama a gidan ubansa. Sai ya juyo mata da kunnen da ke ji, ya saurara har ta gama.

"To, Inna," yake cewa. "Sai baɗi, in Allah ya kai mu."