Ƙofar Shuɗiya

Baffana, ƙanin Baba, bakanike ne. Idan ka shiga layin garejinsu ka ce kana neman Mai Sifana, ko mai tallar ruwa zai nuna maka shi. Gajere ne kakkaura, baƙin mai ya samu wurin zama a ƙarƙashin faratansa tun kafin a haife ni. A gida kuwa ba mai kiransa Mai Sifana. Auta Baba yake ce masa, har yau da furfura ta cinye masa gemu. Baban ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aiki, shi ya saya masa akwatin kayan aiki na farko. Shi ya sa idan Baba yana magana Baffa ba ya ɗaga kai.

Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ka zo masa da motar da kowa ya ce ta mutu, ka marairaice, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Bar ta, za a san yadda za a yi." Ni kuwa Allah bai yi ni da wannan sanyin ba. Faɗan Mama na gado, Allah ya jiƙanta.

Baba yana da wata tsohuwar mota da muke kira Shuɗiya, irin masu zagayayyun fitilu da doguwar kujera a gaba. A cikinta aka kawo ni gida daga asibiti. Komai nata lafiya lau sai ƙofar gaba, gefen da Mama take zama. Tun da ta taɓa bugun ƙyauren gida ta ɗan lanƙwashe, ba ta rufuwa sai an ɗaga ta sama an tura da ƙugu, sannan ka ji ta ce gaf. Mama ba ta iyawa. Kullum sai Baba ya zagayo ya rufe mata, maƙwabta suna leƙe suna dariya, wai su masu mata. Hannun ɗaga gilashin ma kansa ya karye yana yankar mutum, Mama ta naɗe shi da ƙyallen zaninta. Sau nawa Baffa yana cewa, "Yaya, kawo in buga maka ƙofar nan, aikin shan shayi ne." Baba ya ce, "Bar ta, Auta, ba ta dame ni ba." Sai da na girma na gane dalili.

Bayan rasuwar Mama, Baba ya samu aiki a wata ƙasa. Ya kai Shuɗiya bayan garejin Baffa, ya lulluɓe ta da tamfol da hannunsa, ya ce, "Ga amana nan."

To, wanda bai san gareji ba bai san abin da ake yi wa motar da ta daɗe a kwance ba. Mutum zai zo a gaggauce, an zaga kasuwa ba a samu abin da motarsa take nema ba, ga kuma irinsa can yana barci a ƙarƙashin tamfol. Sai a ce a ara, gobe a mayar. Aro suke ce masa, ba wanda yake jin ya yi sata. Baffa da fulogi ya fara. Daga nan batir, don ai zai lalace ne a zaune. Sai kafireta ga wani mai mata a kan gwiwa, sai fitila, sai madubi, sai tayoyi. Goben nan kuwa ba ta taɓa wayewa ba.

Duk lokacin da Baba ya zo hutu sai ya biya ta garejin, ya dafa tamfol ya ce, "Shuɗiya fa?" Baffa ya ce, "Tana nan lafiya, Yaya." Baba bai taɓa ɗaga tamfol ɗin ba, ina jin zuciyarsa ce ba za ta iya ganin kujerar Mama ba.

Da ya dawo gaba ɗaya, ciwon suga ya riga ya tafi da idanunsa. Muna zaune a falo wata rana da yamma, Baffa ya zo gaisuwa, sai Baba ya ce, "Auta, ka fito min da Shuɗiya. Ba zan iya tuƙa ta ba, amma ina so in ji kukanta, a ɗan zaga da ni." Baffa ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya ce, "To, Yaya. Sai dai an ɗan yi mata wanka."

Washegari ya kira ni garejin, ya ja ni baya, ya yaye tamfol. Innalillahi! Ƙarfe ne kawai a kan bulo. Ba inji, ba kujeru, ba sitiyari. Inda ƙofofi suke, kwalaye ya jera ya tokare da sanduna don tamfol ya riƙa ba da siffar mota. Wallahi ban san lokacin da na manta ƙanin ubana ne ba.

Na ce, "Baffa, wannan ce wankan? Kwali kake nuna wa Baba shekara da shekaru yana shafawa? Haba Baffa! Ko kunya?"

Ya tsaya yana murza tsumma a hannu, idonsa ya kaɗa. Can ya ce, "Ƴata, zage ni, na cancanta. Amma ki taimake ni. Ke kika iya wayar nan."

Haka muka shiga farauta. Ni ina cikin waya, ina bin zaurukan masu son tsofaffin motoci, ina tura hoto ina tambaya. Shi kuma yana bin ƴan gwangwan, yana tona tulin ƙarafa da hannu har ya yanke a yatsa. Wani tsoho ya aiko mana da sitiyari daga gari mai nisa, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Fitila ɗaya muka samu a shagon mai walda, ya mayar da ita abin haska aikinsa. Injin kuwa guntu-guntu aka haɗa shi. Baffa ya daina karɓar aikin kowa. A karon farko a rayuwarsa na ji ya ce wa mutum, "Ba zan iya ba, je ka gaba." Matarsa ta ce ko abinci sai ta bi shi da shi garejin, ya rame har wandonsa yana zamewa.

Baba kuma duk ya ji motsin Baffa sai ya ce, "Auta, wankan bai ƙare ba?" Ni ce mai tare masa: "Baba, ka san tsohuwar mota, sai a hankali." Ka ji ni, mai faɗa da ƙarya, na zama ƴar kanzaginta.

Inda Baffa ya yi kuskure shi ne ƙari. Laifin da ke cinsa ya sa duk abin da ya mayar sai ya ninka kyansa. Ya sa kujeru masu laushi, ya sa birki na zamani, ya sa rediyo mai shan waya, har na'urar sanyi ya cusa mata. Ƙofofi kuwa ya samo lafiyayyu, ya zauna ya daidaita su, da ɗan yatsa ma sai su rufu. Ya ce min, "Sai ta fi yadda ya bar ta." Ni ma na yaba, ban kawo komai a raina ba.

Ranar da aka kawo ta ƙofar gida, na riƙo hannun Baba muka fito. Baffa ya tayar da ita. Baba ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta washe, ya ce, "Ita ce, ƴar banza, muryar tana nan." Ya bi jikinta da tafin hannu har ya zagaya gefen Mama. Ya buɗe ƙofar, ya sa hannu a ƙasanta zai ɗaga kamar yadda ya saba, sai ta sulale ta rufe kanta ba ko ƙara. Ya tsaya. Ya sake buɗewa, ya laluba ciki, ya taɓa hannun gilashi, sabo, santsi.

Ya ce, "Auta, motar wa ka kawo min?"

Baffa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Taka ce, Yaya. Ƙofar ce na cire za a yi mata fenti, na sa wannan kafin nan. Tana ajiye."

Baba ya ce, "To, idan ta bushe ka kira ni." Ya miƙo min hannu na mayar da shi ɗaki. Ranar bai ci abincin kirki ba.

A waje na samu Baffa zaune a kan bamba, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Sai ka faɗa min inda ƙofar take ajiyen." Ya daɗe yana tunani kafin ya tuna: wani mai raba burodi ne, babbar mota ta murƙushe masa ƙofa, ya zo yana kuka, Baffa ya ara masa.

Mun sha yawo kafin mu gano gidansa a bayan gari. Mutumin ya tsufa, ya bar sana'ar, motar tana tsakar gida ba tayoyi, kaji sun mayar da ita ɗakin ƙwai. Ga ƙofar nan, an shafe ta da rawayan fenti, tsatsa ta ci gindinta. Baffa ya kore kaza ya leƙa ciki. Ƙyallen Mama yana nan a naɗe, ya yi baƙi ƙirin, amma ƙullin da ta yi bai kwance ba. Ashe mai burodin irin mutanen nan ne da ba sa gyara abin da bai hana su tafiya ba, Allah ya saka masa.

Ya ce, "Wannan ƙofar mai taurin kai? Ku ɗauka, amma kajina fa?" Baffa ya koma ya kwanto sabuwar ƙofar da ya sha wahala a kanta, ya ɗaura wa kaji. Tsohuwar kuma ya kankare tsatsa, ya toshe huji, ya fesa shuɗi ta waje. Lanƙwasar da ƙyallen bai taɓa su ba. Ya ce min aikin da ya fi ba shi wuya a duniya ke nan, ya ga karkatacciyar ƙofa, ga guduma a hannu, ya ƙyale.

Muka sake fito da Baba. Bai tsaya sauraren inji ba, kai tsaye ya nufi gefen Mama. Ya buɗe ƙofar, ya tura ta, ta ƙi rufuwa. Ya sa hannu ya ɗaga, ya dunguro ta da ƙugu. Gaf! Ya buɗe ya shiga ya zauna, ya laluba ya kama ƙyallen, ya riƙe. Ni na zagaya na rufe masa.

Da na shiga baya sai ya juyo ya ce, "Ke, kin ga ƙanena? Duk shekarun nan, a tsakiyar gareji, ko ƙusa ɗaya bai bari an zare mata ba. Auta, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe amana."

Baffa ya ce, "Yaya, akwai maganar da nake so..."

Na miƙa hannu ta bayan kujera na mintsine shi a kafaɗa, da ƙarfi kuwa. Ya haɗiye maganar. Baba ya ce, "Maganar me? Ja mu tafi." Baffa ya ja mota hawaye yana sauka cikin gemu, giya ta yi ƙara, Baba ya yi dariya ya ce, "Har yanzu ba ka iya sa giya ba, bakaniken banza."

Daga baya Baffa ya tare ni ya ce, "Don me kika hana ni? Da ya zage ni da na samu sauƙi." Na ce, "Sauƙinka kake nema, Baffa, shi kuma ka bar shi da me?" Na faɗa da ƙarfin hali, amma har yau ban tabbata na kyauta wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu duk baƙon da ya zo gaida Baba sai ya sha labarin. "Kun san ƙanena Auta? Bari in ba ku labarin amana." Da ya fara, sai Baffa ya miƙe ya ce bari ya duba mota. Ni kuma in kwashe kofuna in yi kicin, ko da baƙin ba su gama sha ba.