Tamba Mai Kaɗa Iska

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya! Ga Tamba na Argungu, ubangidan kalangun mahauta, mutum na farko a duk faɗin ƙasar Kabi da ya yi kiɗa ba kalangu a hammata, ba sanda a hannu.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tsaye a layin mahauta. Kowane mahauci da takensa. In aka ji na Hodi, har matan da ke cikin gida sun san yau Hodi ya kayar da sa mai kitse. Shi kuwa Hodi, ko yana tsakiyar fiɗa, sai ya waiwayo ya ɗaga wuƙa sama. Wannan waiwayen ya fi wa Tamba tsokar da ake ƙunsa masa in kasuwa ta tashi.

Bara waccan hawan jini ya kayar da shi, hannun hagu ya shanye. Aka rataye kalangu a jikin bango, ya zama gidan gizo-gizo.

Sai ga Fiyinfoluwa, ɗalibin kwamfuta daga Birnin Kebbi, ɗan Folorunsho mai gyaran rediyo. Ya tattaro tsofaffin bidiyon Tamba daga wayoyin mutane, ya ɗura wa na'ura har ta haddace motsin hannunsa. Yanzu in ya kaɗa iska a gaban kyamara, nan take lasifika ta buga.

"Baba, hannun dama kaɗai ya ishe ka," in ji shi.

Tamba ya ce, "Awo? To mu tai kasuwa."

Ranar ya sa a wanke masa rigar da ya yi wata goma sha huɗu bai saka ba. Aka kafa kwamfuta a kan benci, bayan rumfar Hodi. Ya ɗaga hannu ya soma taken. Na'ura ba ta yi ƙarya ba: duk bugun da ya yi, ta yi, a daidai lokacinsa. Amma tun bugu na uku ya ji ba taken Hodi ke fita ba. Kalangu ba a hannu yake magana ba, a hammata ne. Matse igiyoyinsa da sassauta su shi ke ɗaga murya ya sauke ta, har ta kira sunan mutum. Kuma a duk bidiyon nan babbar riga ta rufe hammatar Tamba ruf. Abin da kyamara ba ta taɓa gani ba, ina za ta koya?

Ya sake. Ya kuma sakewa, gumi na zuba, kafaɗar hagu tana ƙoƙarin motsi tana kasawa. Hodi yana ta saran ƙashi, bayansa a juye. Can ya ce wa maƙwabcinsa, "Kai Abbas, wa ad da dakan gero a kasuwa?"

A Birnin Kebbi kuwa aikin Fiyinfoluwa ya zo na ɗaya a gasar ɗalibai. An yi tafi, an ɗauki hoto, an manna Tamba a allo da hannu ɗaya a sama.

Jiya na iske shi a ƙofar gida yana alwala da hannu guda. Na zube na ce, "Ranka shi daɗe, makaɗin zamani! Ka san har a Legas an kalle ka a waya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Hodi bai waiwayo ba. Miƙo man butar can."