Pandeli Mai Ƙirga Gidaje

Pandeli mutumin kirki ne, kuma kirkin nan nasa ne ya kusa rushe mana gari.

Aikinsa a ofishin kula da tsofaffin gine-gine na gundumarmu, a kudancin Albaniya, shi ne ya zaga ƙauyuka duk shekara, ya duba gidajen dutse na kaka da kakanni, ya aika wa Tirana, babban birnin ƙasar, adadin waɗanda ke neman faɗuwa. Da wannan ƙididdiga ake sanin inda za a tura magina. To, Pandeli ya sha tarbiyya, ba ya faɗo wa mutane gida kwatsam. Ko ƙauyenmu inda aka haife shi, sai ya aiko cewa yana tafe.

Mu kuwa gara a kira mu ɓarayi da a ce baƙo ya ga gidanmu a lalace. Da jin saƙon sai gari ya ɗauka: a jiƙa farar ƙasa, a cusa tsumma a rami a shafe, inda ya fi ƙarfin tsumma a jingina tukunyar fure. Maƙwabcina har jaki yake ɗaurewa a gaban ginshiƙin da ya karkace. Pandeli ya iso, a cika shi da gahawa da raki, barasar ƙasarmu, ya ɗaga kai ya ga ko'ina fari fat, ya rubuta lafiya lau. Har yabo ya sha, wai gundumarsa ce kaɗai gidajenta ba sa tsufa. Magina suka yi ta wucewa wasu garuruwa, mu muna tara bokiti idan ana ruwa.

Gab da zai yi ritaya, gidan niƙa na bakin rafi, wanda ya rubuta lafiyarsa ƙalau, ya zube cikin ruwa. Tirana ta ce a bar kaza cikin gashinta ba zai yiwu ba, za ta turo wata jami'a mai suna Brikena ta gani da idonta, kuma gidan da hoto ya nuna lalacewarsa shi kaɗai za a gyara. Pandeli ya bi gida-gida yana roƙo kada kowa ya taɓa farar ƙasa. Babbar damuwarsa gidan mahaifinsu, inda yayarsa Sofika ke zaune ita kaɗai, rufin yana yoyo.

"Yaya, don Allah wannan karon ki bar shi yadda yake."

"Baƙuwa daga Tirana ta ga gidan ubana haka? Kai dai tun kana ƙarami ba ka da kunya."

"Idan ba ta gani ba, ba za a gyara ba!"

"Na ji. Amma shara dai ba za ka hana ni ba."

Ranar da Brikena ta zo, muka bi su ɗuu ita da Pandeli, kowa yana sunkuyar da kai saboda gidansa. Sofika ta cika alkawari, ba ta shafa komai ba. Sai dai duk inda baƙuwar ta saita kyamara a ɗakin baƙi, sai ta ga tsohuwa tsaye da faranti a gaban dardumar da ke rataye a bango.

"Sha gahawa tukuna, 'yata."

"Na sha uku, Inna. Mene ne a bayan dardumar nan?"

"Bango."

Muka fashe da dariya. Sofika ba ta yi ba. Ta kalli ƙanenta, sannan ta ajiye farantin, ta fizge dardumar da hannunta. Tsaga ce tun daga rufi har ƙasa, ta cikinta ana hango bishiyar ɓauren da ke waje. Dariya ta ɗauke. Kuma wallahi a gindin bangon nan Sofika take kwana.

Pandeli ya kusa shekara talatin yana shan gahawa a ƙarƙashin dardumar nan.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun shekarar da Baba ya rasu."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Yaya zan yi? Kullum sai ka aiko cewa kana tafe. Wanda ke aikowa ai baƙo ne."

A bana gidan Sofika ne farkon wanda aka gyara a gundumar. Pandeli kuwa ya daina aike. Tura ƙofa kawai yake yi ya shiga, tana masa faɗa ya same ta ba ta yi shara ba.