Manu Mai Mangala da Ƙirjin Kyauta

Baba Manu na unguwar Dagmanet bai yi lakwal ba, wato boko, allon ma bai yi nisa da shi ba. Abin da Allah Ya ba shi ido ne. Tun yana saurayi yake lafta wa jakuna gishiri a Tegidda, ya kai In-Gall, ya kawo Agadas. Daga nesa zai hangi mangala a bayan jaki ya ce, "Dama ta rinjayi hagu," kuma in aka sauke a tarar haka ne. Da kamiyo, babbar motar kaya, ta ƙwace sana'ar sai ya koma zama a zaure, amma idon bai yi ritaya ba. Tabarma in ta karkace sai ya gyara ta. Hular liman ma ya taɓa miƙa mata hannu bayan sallah, Allah Ya sa aka riƙe shi. Shi kam a ganinsa duniya ce ta karkace, shi kaɗai ya rage a miƙe.

Matarsa Kyauta mai tuyar ƙosai ce, mace mai baki da dariya, wadda ba a biki a unguwa ba ita. Ciwon daji ya kama mata nonon hagu, aka cire shi a Yamai. Ta warke, amma ta riƙa tafiya da mayafi ninki biyu ko ana tsananin zafi. Autarsu Zahra'u, da mijinta mai fatauci, suka kai ta Tunis. A can lokotoro, wato likita, ya sa mata wata 'yar jaka mai taushi a ƙarƙashin fata, a madadin abin da aka cire.

Ta dawo da dokoki kamar na sabon soja. Kwana a rigingine. Ba daka, ba ɗaukar bokiti, ba ɗaga hannu sama. Ga wani maɗauri da za ta riƙa ɗaurawa a saman ƙirji. Kuma lokotoron ya faɗa, Zahra'u ta maimaita a gaban Manu, cewa sabon zai zauna sama da ɗan'uwansa, ya yi tauri, sai a hankali zai sauka cikin 'yan watanni. Manu ya gyaɗa kai kamar ya ji. Kunya ce ta toshe masa kunne, don shi bai saba a ambaci irin wannan a gaban 'yarsa ba.

Wata hantsi yana gyaran igiya a tsakar gida, Kyauta ta kira shi ɗaki. Ya tarar da ita gaban madubi, ta sassauta zane.

"Malam, kai ne mai ido. Duba mini. Daidai suke?"

A duk zamansu bai taɓa kallonta haka da rana tsaka ba. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙafarsa. Ta ce, "Ba azara na ce ka duba ba." Sai ya duba. Da a ce da idon miji ya kalla, da an zauna lafiya. Idon Tegidda ne ya riga shi. Ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya kamar yadda yake yi wa jaki.

"Hagu ya fi tudu," in ji shi. "Da kamar yatsa uku."

Nan ya kamata ya tsaya. Amma bakin da ya saba shiru, ranar da ya buɗe ba ya sanin iyaka. Ya ƙara da cewa, "A mangala dai, gefen da ya yi sama dutse ake ɗora masa."

Kyauta ta ja zanenta ta ɗaure. "Na gode, Malam. Je ka wajen igiyarka."

Daga ranar ta daina fita. Ko zaure ba ta leƙawa. Maƙwabta su zo gaisuwa ta ce barci take. Ta matsa wa Zahra'u a mayar da ita Tunis a sake yanka ta, tunda aikin ya ɓaci. Zahra'u ta aika wa lokotoron hoto ta salula, ya ce ba zazzaɓi, ba ja, ba ciwo, to a yi haƙuri, haka yake tafiya. Kyauta ta ce, "Shi a hoto ya gani. Ubanki da idonsa ya auna, kuma bai taɓa kuskure ba."

Zahra'u ta samu uban a zaure. "Baba, me ka ce wa Inna?"

"Gaskiya na faɗa."

"To gaskiyarka za ta sa a sake yanka ta a banza."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya sayo mata cuku da dabinon In-Gall, ta ci dabinon ba ta kula shi ba. Ya ɗauki taɓarya zai yi mata daka, ya watsar da rabin geron, kaji suka yi salla. Ya leƙa ya ce, "Maman Zahra'u, yau kam sun daidaita." Ta ce, "Ta cikin mayafi ka gani? Ƙarya ba ta yi maka kyau."

Ana haka bikin jikar yayarta ya matso, kuma ita ce uwar biki. Ta ce ba za ta ba. Ranar kamu da safe, Manu ya sa babbar rigarsa ya shiga ya tsaya mata a ka. Ta gaji da tsayuwarsa ta ce, "To sake aunawa. In ka yi ƙarya zan sani."

Ya auna. Sabon ya sauka ƙwarai, ya yi laushi, amma bai gama ba. Ya ce, "Saura yatsa ɗaya."

Ta kalle shi sama da ƙasa. Sai ta kama hannun rigarsa ta tsayar da shi gaban madubin.

"Mai ido, auna wannan."

Manu ba mai kallon madubi ba ne, wanzami ke gaya masa yadda yake. Ya kanne ido. Wani tsoho ya gani, kafaɗarsa ta dama ta zube ƙasa, ta hagu ta kusa taɓa kunne, kamar jakin da yaro ya yi wa lodi.

"Madubin ne a karkace," in ji shi.

"Igiyar jakuna ce ta ja ka. Haka na aure ka. Kowace riga ka ɗinko sai na rage mata gefen dama, don kada ta ja ƙasa a yi maka dariya a masallaci. Na taɓa ce maka a ɗora maka dutse?"

Ya ɗaga gefen rigar, ga ɗinkin hannunta nan. Ya sake duban tsohon da ke cikin madubi ya ce a hankali, "Wannan ai ya kai yatsa huɗu."

Dariya ta ƙwace wa Kyauta, ta dafe ƙirji tana cewa, "Wayyo, kada ka ɓata mini aikin mutanen Tunis!" Da ta lafa ta ce ya miƙo mata leshinta, da mayafi guda ɗaya.

Maganar komawa Tunis ba ta sake tashi ba. A wajen bikin an ji muryarta har bakin titi. Baba Manu kuwa yana nan a zaurensa, tabarma na karkacewa yana kallo ba ya taɓa ta. Sai dai in zai shiga masallaci yakan ɗan ɗaga kafaɗar dama, kafin ya kai sahu ta koma inda ta saba.